Yara Ɗari Biyu na Hillat Gambo

Sau uku Raliya ta haɗa lissafin nan, sau ukun abu ɗaya yake ba ta: yara ɗari da saba'in da ɗaya. Ta fara daga gidan farko zuwa na ƙarshe, ta dawo daga na ƙarshe zuwa na farko, har ta jiƙa yatsa da miyau tana murza takardun ko biyu sun manne. Babu abin da ya manne. Majalisar karkara kuwa ta faɗa tun farkon shekarar nan ta 1974, cewa garin da bai kai yara ɗari biyu 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar ba, kada ma ya sa rai da rijiyar inji da tanki. Saura ashirin da tara. Ashirin da tara fa, jama'a, ba biyu ba, ba uku ba!

Hillat Gambo ƙauyen Hausawa ne a gefen tur'a, wato hanyar ruwan da aka haƙa don shayar da auduga, tafiyar sa'a ɗaya da rabi a kan jaki daga kasuwar Haj Abdalla. A tur'ar nan ake sha, a nan ake wanki, a nan jakai ke tsayawa su yi abin da suka ga dama. Yaran garin kusan duk fitsarin jini suke yi, har wasu iyaye maza sun ɗauka alamar girma ce ga ɗa namiji. Ka ga yaro ciki tulu, ƙafafu kamar karan dawa, idanu farare fat. Rijiyar ita ce maganin abin, kowa ya sani, kuma bana guda ɗaya ce tak za a haƙa a yankin.

Yadda aka yi aikin ya faɗo kan Raliya shi ne, tana shekararta ta ƙarshe a wani ma'ahadi, wato babbar makaranta, a Khartum, inda take karanta ilimin zaman jama'a. Malaminsu, Ustaz Abdulmuttalib, mutum ne siriri mai tarin taba, wanda bai yarda a raba ilimi gida-gida ba. Tarihi, da labarin ƙasa, da sha'anin arziki, da halin ɗan Adam, duk a tukunya ɗaya yake dafa su. Yakan ce matsalar mutane ba ta zuwa da sunan darasi a goshinta. Ya tura kowane ɗalibi ya nemo damuwa ta gaskiya a wani gari, ya bincika, ya rubuto. Majalisa kuma, saboda ƙarancin ma'aikata, ta yarda ta karɓi ƙidayar ɗaliban. Sharaɗin Ustaz biyu ne. Na ɗaya, kowane shafi sai daga bakin mai shi. Na biyu, shafin farko na binciken ya zama amsar tambaya guda: ke wace ce a cikin abin da kike bincike?

A wannan shafin Raliya ta rubuta layi uku. Ta ce ita 'yar Rufa'a ce, ta zaɓi Hillat Gambo ne don tana ɗan jin yarensu. Ustaz ya karanta, ya dube ta ta saman gilashi, ya ce, "Shi ke nan, ya bitti?" Ta ce shi ke nan. Ya miƙo mata takardar, ta karɓa ta fita.

Ba ƙarya ta yi ba, ba kuma gaskiya ta faɗa ba. A Hillat Gambo aka binne cibiyarta. Ita ce 'yar farin Huseina, ana yaye ta aka miƙa ta ga goggonta Bilkisu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, tana auren wani mai kanti a Rufa'a a tsakiyar Larabawa. Can ta tashi, Larabci ya zame mata harshen mafarki, Hausa ta koma ta gaisuwa da cinikin daddawa. A Khartum babu wanda ya san ita Bahaushiya ce, don ta ji yadda ake kiran kalmar Fallata, sunan da ake laƙaba wa irinsu 'yan yamma, a ɗakin kwana, ta ga yadda baki ke karkacewa in an faɗe ta. In ta zo ƙauye da salla kuwa, uwarta ba ta kiran sunanta, ba ta haɗa ido da ita, sai dai "ke" ko "baiwar Allah". An sha gaya mata wai kunya ce. Ita dai ta ajiye a ranta cewa kunya suna ne da manya suka raɗa wa rashin so, kuma abin yana ci mata rai ƙwarai.

Shi ya sa da ta zo aikin, gidan kakarta Sodangi ta sauka, uwar marigayi babanta. Ta zaga gida hamsin da takwas, ta zauna da kowace uwa, ta tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, da sunayensu, da shekarunsu. Gida ɗaya ta tsallake. Shafin Huseina a ka ta cike shi, don ai ta san ƙannenta. Ranar Litinin, ranar ƙarshe ta karɓar takardu, ta hau lori ta kai wa magatakardan majalisa. Ya duba jimilla, ya taɓe baki, ya ce zabit, wato jami'in majalisa, zai zo Alhamis ta sama ya gani da idonsa ya rufe maganar.

Washegari ta dawo jiki babu ƙwari. Ba ta iya shiga gari ba, sai ta zauna a kan gadar tur'a da hantsi tana kallon yara suna tsalle cikin ruwan da ke cinye su. Hannu ya saba, ta fara ƙirga su ba da niyya ba. Ashirin da shida. Ta buɗe kwafin takardunta tana neman sunansu ɗaya bayan ɗaya, tana kiran wanda ya matso ta tambaye shi ɗan gidan wa. Biyar daga ciki babu su. Ta sake dubawa, babu su ɗin dai. Wata yarinya mai kitson zane ta ce ita ɗiyar Sabuwa ce. Raliya ta buɗe shafin Sabuwa, ga yara uku, babba mai shekara shida. Wannan kuwa ta kai tara, ga ta tsaye, ruwa na ɗiga daga jikinta.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To me ya sa Sabuwa za ta ɓoye 'yarta? Tsoron takarda ne? In tsoro ne, don me za ta ba da uku ta riƙe ɗaya? Sai sharaɗin Ustaz ya faɗo mata, kowane shafi daga bakin mai shi, ta tuna shafin da ta cike a ka. Ta miƙe. Ta nufi gidan uwarta.

Ta tarar da Huseina a gindin murhu tana tuƙa tuwon dawa, mace doguwa, marar yawan magana, mai tsage uku-uku a gefen baki. Suka gaisa kamar maƙwabta. Raliya ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta buɗe sabon shafi, ta daidaita murya irin ta aiki.

"Inna, tambayar da na yi wa kowa zan yi miki. 'Ya'ya nawa kika haifa?"

Huseina ba ta ɗago ba. "Biyar."

"Biyar?"

"Sa'idu, da Gambo, da Mairama, da Ali, sai Ɗan'auta."

Alƙalamin ya tsaya a hannun Raliya. Ta jira. Muciya na ta kai da komo a tukunya, tuwo na huci, babu ƙari. Wallahi da mari aka yi mata da ya fi mata sauƙi.

"Ni fa?"

Huseina ta ɗauki mara ta fara kwashe tuwo, ta ce wa bango, "A miƙo mini akushin can."

Nan fa abin da ya taru shekara ashirin da biyu ya ɓalle. Raliya ta miƙe, takardu suka zube. Da Larabci ta fara, ta ga ba zai isa inda take so ya isa ba, ta koma gurguwar Hausarta. Ta ce ita ba daga tur'a aka tsinto ta ba. Ta ce in ba a son ta a faɗa mata ta huta. Daga ƙarshe ta faɗi maganar da bai kamata ɗa ya faɗa wa uwa ba ko a mafarki, ta ce, "Ko akuya ta san ɗanta!" Ta tattara takardunta tana kuka ta fice. Huseina ta tsaya da marar a hannunta.

Kaka Sodangi na zaune a kan angareb, gadon igiyar nan, tana soya 'ya'yan gahawa, ta ga jikarta ta shigo fuska a jiƙe. Tsohuwa ce ƙarama mai baki kamar reza, a Mai Wurno aka haife ta, iyayenta na cikin waɗanda suka baro Sakkwato da ƙafa. Ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta kwashe da dariya har tana tari.

"Ke Balarabiya, ashe karatun naki na banza ne? Wa ya taɓa ƙirga ɗan fari? Ni nan da kike gani, har ubanki ya koma ga Allah ban taɓa kiran sunanshi ba. Ranar da aka fita da shi, a bayan rumbu na yi kukana kada a gani. Mi kike so ta ce? Ta buɗe baki ta ce ita ta haife ki, awa marar kunya?"

"To ai na ɗauka suna ne kawai ba a kira."

"Suna, da ƙirga, da kallo, duka. In an tambayi mace, daga na biyu take farawa. Ko jaririya ta san wannan."

Raliya ta fara lissafi a ranta. Hawayen suka tsaya da kansu. Gida hamsin da takwas. Wasu gidajen mata biyu, wasu uku. Kowace mace da ɗan farinta.

"Kaka, su 'ya'yan farin, ina suke kwana?"

"Wurinmu mana. Wa zai riƙe su in ba kakanni ba?"

Ta dafe kai. Takardarta ta ce a tambayi uwaye. Uwaye sun yi kunya sun tsallake, kakanni kuma babu wanda ya tambaye su, tunda ba haihuwa suke yi ba. Ita da kanta ta tsara tambayar a Khartum, Ustaz ya yaba tsarinta. Ita kuma, wadda aka yi wa abin tun tana zanin goyo, ita ce ta kasa gane shi, don ta ɗauka ciwonta ne ita kaɗai. Rashin sani ya fi dare duhu. Ta ji kunya, ta ji haushin kanta, sannan tsoro ya danne su duka, domin takardar farko ta riga ta shiga hannun hukuma.

Washegari ta sami Shehu Gado, mai garin, a ƙofar masallaci. Ta durƙusa ta yi masa bayani, ta ce za ta sake ƙirga. Dattijon ya daɗe yana shafa gemu, fuskarsa ba ta saki ba.

"Ɗiyata, ki yi hankali. Takarda biyu daga gari guda? Mu da har yau in mun je neman takardar zama ɗan ƙasa sai a ce ina aka haifi kakan kakanka? Za su ce mun ga rijiya mun aro 'ya'yan mutane. In suka ce mu maƙaryata ne, ba bana kaɗai za mu rasa ba, ko baɗi ba za a sake kallon takardarmu ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

"Baba, yaran nan suna nan. Ba ƙirƙirar su zan yi ba."

"Ni na san suna nan. Shi zabit ɗin ne bai sani ba."

Bai hana ta ba, bai kuma sa mata albarka ba. Ta tashi ta koma wurin kakarta.

Sodangi ce ta ɗauki ragamar. Ta aika aka kira tsofaffin garin mata, da la'asar, aka ce gahawa za a sha. Suka cika tsakar gida, kowace da 'yar tabarmarta. Abin da uwaye suka kasa furtawa, kakanni da gudu suke faɗinsa, har da ƙari. "Rubuta mijina Mahadi, mai kai kamar tulu, shekara bakwai, ko sisi bai taɓa ba ni na cefane ba." "Rubuta Hadizatu sarkin ci." Ana shewa, ana tafawa, Raliya na rubutu. Ba ta yarda da baki kawai ba a wannan karon. Kowane suna sai ta je ta ga yaron da idonta, ta rubuta gidan da yake kwana da gidan da aka haife shi. Waɗanda aka kai riƙo Hasahisa ko Rufa'a ta cire su, duk da tsofaffi na mata tsiya wai ta cika tsoron Allah a inda ba a sa ta ba. Kwana huɗu tana wannan. Jimilla ta tashi ɗari biyu da tara.

Murna ta ƙi zuwa. Abinci ya daina shiga. Tana wanke fuska tana jera maganar da za ta faɗa wa zabit, tana salla tana jerawa, kowace jera kuma sai ta ji ta kamar tatsuniya. A duk kwanakin nan ba ta taka ƙofar Huseina ba. Sau biyu ana aiko Ɗan'auta da kwanon tuwo ba tare da saƙo ba, sau biyun tana karɓa ta rasa abin da za ta ce a mayar.

Ranar Alhamis da hantsi mota ta tsaya a gindin bedin ƙofar Shehu Gado. Zabit ɗin mutum ne mai jiki, da farin wando da 'yar sanda, ga alama gari na uku ke nan da ya zaga tun safe. Aka shimfiɗa masa kilishi, aka kawo kujera da shayi. Maza suka zauna a gaba, mata suka taru can baya jikin danga, yara kuwa ko'ina. Raliya ta gyara tob ɗinta, lafayar nan ta matan ƙasar, ta miƙa masa sabuwar takarda. Ya ɗora ta kusa da tsohuwar a kan gwiwarsa, ya dubi wannan, ya dubi waccan.

Da Larabci ya yi magana, a hankali, yadda kowa zai ji. "Ya ustaza, Litinin waccan yara ɗari da saba'in da ɗaya. Yau ɗari biyu da tara. Mashallah. Matan garin nan sun haifi talatin da takwas a kwana goma, har wasu sun kai shekara tara?"

Direbansa ya yi dariya. Babu wanda ya taya shi.

Ta yi bayani. Ta ce kuskuren nata ne, tambayarta ce ta karkace. Ta faɗi al'adar, ta nuna shafin kakanni, ta ce ga yaran nan a kira kowanne a gani.

"Yara ba su da wuyar tarawa," in ji shi. "Jiya wani gari sun tara mini har da na masu tsinkar auduga da suka zo cin rani. Ni ma ina da 'ya'ya. Matata in kin tambaye ta, da babban za ta fara, da shi ma ake kiranta. Ke kuma kina gaya mini akwai uwar da za ta manta ɗanta na fari?"

"Ba mantuwa ba ce, ya sayyid. Kunya ce."

"A littafi kika karanta?" Ya juya takardar ya duba sa hannunta. "Ke 'yar Rufa'a ce. Me kika sani game da mutanen nan, ban da abin da suka shirya suka gaya miki?"

Ga Shehu Gado ya sunkuyar da kai, ga mutanen gari sun zuba mata ido, waɗanda suka san ranar sunanta, suka ci naman ragon. Abin da ta ɓoye wa Khartum shekara huɗu ya tsaya mata a wuya.

"A Rufa'a na girma," ta ce. "Amma nan aka haife ni. Ni Bahaushiya ce, 'yar garin nan. Kuma ni ma 'yar fari ce."

Zabit ya ɗaga gira. Ya ajiye kofin shayi, ya gyara zama irin na wanda ya sami hanyar gama aiki da wuri.

"Kwayyis. Uwarki na da rai? Tana nan? To a kira ta. Kada kowa ya yi mata magana. Ni zan tambaye ta da bakina. In ta tsallake ki kina tsaye a gabanta, na yarda, zan sa hannu. In ta ƙirga da ke, kin ga ke nan an gama."

Mata suka dare, Huseina ta fito. Ta ja mayafi har goshi, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da kilishin, idonta a ƙasa. Tun daga bayan danga ba lalle ta ji abin da aka ce ba, Larabcinta ma na kasuwa ne. Raliya ta tsaya kamar an dasa ta. Ka ji ikon Allah: abin da ya sa ta kuka kwana tara da suka wuce, shi take roƙo yanzu da dukan zuciyarta. Inna ki ce biyar. Don girman Allah ki ce biyar. Ki tsallake ni yadda kika saba.

"Ya hajja," in ji zabit, "'ya'yanki nawa?"

Huseina na murza bakin mayafinta. Sai ta ɗago kai, abin da ba ta taɓa yi ba, ta dubi Raliya ido cikin ido.

"Sitta," ta ce. Ta maimaita da Hausa, da ƙarfi. "Shida."

Raliya ta ji kamar ta kurma ihu ta ce a'a.

Zabit ya ɗan yi murmushi, ya kai hannu ga murfin alƙalami. "Wa ye babba?"

"Raliyatu." Muryar ta fashe. "Raliyatu ce ta fari. Ni na haife ta, ranar Talata, da kaka."

Abin da ya biyo baya, wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Salati ya tashi daga jikin danga gaba ɗaya kamar an ce gobara. "La'ilaha illallahu!" "Ta faɗa! Wallahi ta faɗa!" Wata ta rufe fuska da tafin hannu, wata ta toshe kunnen 'yarta, 'yan mata suka ruga cikin gida suna ƙyalƙyala dariyar firgita. Maza suka kau da kai, wani dattijo ya tashi ya bar wurin yana istigfari. Kaka Sodangi ta dafa ƙirji tana cewa, "Huseina! A gaban maza? A gaban baƙo? Yau mun ga ta kanmu!" Ita kuwa Huseina ta ja mayafin ta rufe fuskarta ruf, ta miƙe tana tuntuɓe, ta bi lungu da sauri ba ta ko ganin gabanta.

Murmushin zabit ya ɓace. Ya dubi matan, ya dubi mazan, ya juya ga Shehu Gado. "Me ya faru? Me ta ce na laifi?"

Dattijon ya share fuska da hannun riga. "Ya sayyid, shekarata saba'in da ɗaya. Yau na fara jin mace ta kira sunan ɗanta na fari a bainar jama'a. Matar nan za ta daɗe ba ta iya zuwa gidan biki ba."

Zabit ya daɗe yana kallon lungun da ta bi. Mutum ɗari ba su iya shirya irin wannan, kuma shi ba yaro ba ne. Ya jawo sabuwar takardar, ya bi sunayen da ɗan yatsa, ya kira guda shida daga tsakiya. Kowane yaro ya fito, kowanne da tsohuwar da ta turo shi gaba tana masa tsiya. Ya zare murfin alƙalami ya sa hannu a ƙarƙashin ɗari biyu da tara, ya ninke tsohuwar ya sa a aljihu. Ya ce masu haƙa za su zo bayan an gama tsinkar auduga.

Guɗa ta tashi. Shehu Gado ya kama hannun zabit da hannu biyu. Wasu na kiran Raliya, ba ta ji su ba, ta riga ta bi lungun.

Asabarin ɗakin a sake yake. A tsakar gida babu kowa sai kaji. Ta durƙusa a bakin ƙofa, tana jin numfashin mutum a ciki, irin na wanda ya yi kuka yana son ɓoyewa. Duk maganar da ta zo da ita, ta neman gafara da ta godiya, ta tsaya mata a ƙirji.

"Inna."

Muryar ta fito, a dushe. "An ba su ruwan?"

"An ba su."

"Ban ɓata ba?"

"Ba ki ɓata ba, Inna."

"To alhamdulillahi." Aka ja hanci. "Tashi ki tahi wurin kakarki, kada a gan ki nan a ƙara mini kunya."

Raliya ba ta tashi ba. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da bangon ɗakin, tana kuka a hankali yadda na ciki ba za ta ji ba. Ba a sake cewa ta tafi ba.